Jita nake kaɗawa don nishaɗi kawai, amma 'yan ɗakinmu sun sa min suna maroƙi, ina mafita?

injiniyan_gobe ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru, Zariya, injiniyarin nake karanta, daga wajen Malumfashi nake. Lokacin dogon yajin aikin nan na 2022 da aka yi wata takwas ana zaune a gida, wani ɗan bautar ƙasa da ya yi haya a layinmu da zai tafi sai ya bar min tsohuwar jitarsa, tsirkiya ɗaya ma ta tsinke biyar suka rage, da ita na fara koyo a YouTube in na samu data. Yanzu dai na sa mata sabbin tsirkiyoyi na iya kod huɗu (wato salon danne tsirkiyoyi da yatsu a kaɗa su tare), C da G da Am da F, ko da yake F ɗin nan har yau in na danna wani sauti take yi kamar an take wa kyanwa wutsiya.

To ni wallahi ba mawaƙi nake son zama ba, ba na neman suna, ba na son a gan ni a TikTok. Kawai in na fito daga lakca kaina ya yi zafi, in na zauna na yi minti talatin ina tattaɓa ta sai in ji kamar an sauke min kaya. Matsalar ita ce ɗakinmu mu da yawa ne, kun dai san yadda hostel yake, wani na karatu wani na barci wani na dafa indomi, da na ɗauko ta sai a fara ga maroƙi nan ya tashi. Shekaranjiya ɗaya daga cikinsu har naira hamsin ya zo ya liƙa min a goshi kowa na dariya, ni ma na yi dariyar amma abin ya tsaya min a rai. Kuma akwai ɗan garinmu a bulok ɗin da ke kusa da namu, tsorona kar maganar ta je kunnen Baba, don shi a wurinsa kiɗa na 'ya'yan makaɗa ne, in ya ji cewa zai yi kuɗin makarantar da yake biya roƙo na tafi koyo da su.

Abin da nake tambaya: a ina mutum zai samu wuri a cikin makaranta ya yi abinsa ba tare da ya takura wa kowa ba? Akwai masu irin wannan sha'awar da ake haɗuwa, ko ni kaɗai ne? Sannan wani abu da ke ba ni mamaki, in na rera turanci a kan kod ɗin nan sai ya zauna daram, amma da na ɗora baitin Hausa sai in ji kamar ba Hausa nake yi ba, kalmomin duk sun karkace. Jitar ce ba ta dace da harshenmu ba in koma gurmi ko kuwa ni ne ban iya ba?

tsohon_samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Na yi dariya da na karanta zancen naira hamsin, don ni a zamaninmu murtala aka liƙa min, ka ga kai ka ma fi ni daraja.

Na gama makarantar nan da jimawa, yanzu aikin gwamnati nake yi a Kaduna ina da iyali, kuma har yau akwai ƙaramin kalangu rataye a bayan ƙofar ɗakina. Mu biyar ne muke haɗuwa a lokacin, ba wanda ya zama mawaƙi a cikinmu, ɗaya likitan dabbobi ne yanzu ɗaya yana koyarwa a sakandare, sauran kowa ya kama gabansa. Ranar Asabar bayan la'asar muke fita can wajen dam, mu samu gindin bishiya mu zauna, da an kusa kiran magariba mu tattara mu dawo. Kar ka yarda duhu ya same ka a can kai kaɗai, kuma ka tambayi waɗanda ke ciki yanzu yadda wurin yake don na daɗe ban leƙa ba. Filayen wasanni ma da safiyar Lahadi babu kowa sai masu gudu, su kuwa ba ruwansu da kai. Amma ɗaki kam ka cire shi daga lissafi, ɗaki na kowa ne, wanda ya kwana yana karatu yana da haƙƙin ya yi barci, in ka bar musu ɗakin za ka ga tsokanar ma ta ragu da kanta.

Ka kuma je Drama Village ka ga wuri, in ba ka taɓa shiga ba ka yi asara. Ginin ƙasa ne irin namu na Hausa, tun tsakiyar shekarun 1970 aka gina shi, 'yan sashen wasan kwaikwayo ne ke amfani da shi. Ba cewa na yi ka kwashi jita ka faɗa musu ba, wurin karatunsu ne, amma in suna shirin wasa kullum za ka ji ganguna, ka tsaya ka gaisa da masu kiɗan, a nan ni na samu wanda ya koya min yadda ake matsa tsarkiyar kalangu a hammata har sautin ya hau ya sauka. Yaran sashen nan ba su da ƙyashin koya wa mutum abu in ka zo da ladabi.

Yanzu zancen maroƙi, a nan nake so ka tsaya ka yi tunani da kyau. Abin da ya sa mutanenmu ke haɗa kiɗa da roƙo shi ne a ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kuma kusan kowane kiɗa da masu shi. Kalangu na mahauta ne, garaya ta maharba, kotso da taushi da kakaki da algaita na fada, manoma da gangarsu, maƙera da nasu, 'yan dambe da nasu. Makaɗi yana da ubangida, ya wasa shi a ba shi riga ko doki ko kuɗi. To wanda ya tashi da wannan a kansa in ya ga saurayi da abin kiɗa a hannu dole ya tambaya wa kake wa, me za a ba ka. Ba mugunta ba ce, abin da suka sani ke nan.

Amma fa ba shi ke nan ba, kuma wannan ne 'yan ɗakinku suka manta. Kakarka da ta zauna a tsakar gida tana buga shantu a cinya da daddare wa ya biya ta? 'Yan matan da ke gaɗa a dandali da farin wata, tafi kawai da baki, roƙon wa suke? Yaron da ke bin shanu yana busa sarewa a daji ba mai jinsa sai shanun, ko matan da ke daka suna lugude suna jefa taɓarya sama suna tafawa, ai duk kiɗa ne don ran mai yinsa ya yi sanyi. Har tashe da muke yi da azumi muna yara da gwangwani da tsohuwar roba. Abin da kake yi ɗin nan layin su shantu yake bi ba layin fada ba, kayan ne kawai suka canza. In ka riƙe wannan a ranka tsokanar ba za ta riƙa shigarka ba.

ɗan_kongo ya amsa:

Ni kam bari in faɗi wadda ba za a so ji ba. Malam injiniya ka ce minti talatin, kowa da haka yake farawa. Akwai wani abokina da muka shigo tare, shi ma nishaɗi kawai ya ce, kafin mu gama aji biyu ya koma kwana a situdiyo a Sabon Gari, kariyoba, wato kwasa-kwasan da ya faɗi, ta taru masa har sai da muka fita muka bar shi, kuma waƙar ma ba ta kai shi ko'ina ba. Injiniyarin ba kwas ɗin wasa ba ne kai ma ka sani. In za ka yi ka sa wa abin iyaka tun yanzu, sati uku kafin jarabawa ka kai jitar ɗakin wani a waje ka ba shi ajiya, don in tana ƙarƙashin gadonka wallahi sai ta kira ka.

Na biyu, ka san malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, akwai masu haramtawa gaba ɗaya akwai masu sassautawa da sharuɗɗa, ni ba malami ba ne ba zan yanke maka ba, ka je ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa ka tsaya a kan abin da zuciyarka ta natsu da shi. Abin da dai ba saɓani a kai shi ne kar ka kaɗa ana kiran salla, kar ka yi kusa da masallaci, kar ka sa batsa a baki.

Batun Baba kuma ni ban goyi bayan ɓoye-ɓoye ba. Gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin ɗan garinku, don shi in zai kai labari sai ya ƙara gishiri.

yar_wusasa ta amsa:

Sannu ɗan uwa, ni tambayarka ta ƙarshe ce ta jawo ni, ta kalmomin da ke karkacewa. Ina buga kibod a ƙungiyar mawaƙan cocinmu tun ina sakandare kuma yawancin waƙoƙinmu da Hausa muke yi, wannan matsalar mun sha ta sosai.

Ba laifin jitarka ba ne. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ko dai tana sama ko tana ƙasa ko ta faɗo, turanci kuwa ba ruwansa da wannan shi ya sa duk inda ka ja shi yake binka. Gwada faɗin kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala, ka saurari bakinka, baƙaƙen ɗaya ne amma hawa da saukar muryar daban. To in karin waƙarka ya hau a inda kalmar ke son sauka, kunnen Bahaushe nan take zai ji wani abu ya goce ko da bai san sunan abin ba. Tsofaffin waƙoƙin da aka juyo mana daga turanci aka bar su a kan karinsu na asali haka suke, mun saba da su ne kawai, amma in matan zumunta suka tashi da nasu da suka ƙirƙira da kansu da tulu da caki, za ka ji Hausar ta zauna kamar magana.

Abin da kake yi yanzu shi ne ka fara jera kod sannan ka tura kalmomi ciki da ƙarfi. Juya shi. Rubuta baitinka, ka faɗe shi da baki kamar kana yi wa wani magana, sau goma sau ashirin, ka ɗan riƙa jan muryar, za ka ji karin ya fito da kansa daga cikin kalmomin. Sai ka nemo wannan karin a tsirkiya ɗaya tak, ɗaya bayan ɗaya, kar ka taɓa kod tukuna. In ya zauna sannan ka duba wane kod ne zai kwanta a ƙarƙashinsa, kuma za ka sha mamaki sau da yawa biyu sun isa, Am da G kawai sai ka yi waƙa guda da su, F ɗin da ke ba ka wahala ma ba lallai ka neme ta ba.

Wani abu kuma, yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke tafiya ba bakwai ɗin do re mi ba. In ka samu kibod ka bi baƙaƙen maɓallan nan kaɗai ka bar fararen, ko me ka danna sai ka ji kamar gida. A solfa do re mi so la ke nan, ka tsallake fa da ti. A jita ma ka nemi darasin sautin nan biyar a Am, akwai shi birjik a YouTube, kwana biyu ka haddace inda yatsu ke zama.

Zafin yatsa kuma in yana damunka haƙuri ne, sati biyu zuwa uku fatar za ta yi kanta ka daina ji. Amma F ɗin da ka ce, duba ko tsirkiyoyin sun yi nisa da wuyan jitar, tsofaffin jita haka suke yi wuyan ya ɗan lanƙwashe, in haka ne ko gwani ne sai ya sha wuya (ka ga wuyan biyu a jimla ɗaya, faɗe su ka ji). Akwai masu gyaran kayan kiɗan coci a Sabon Gari, su rage maka tsayin. Kuma hunturun Zariya ba ya wasa da katako, kar ka bar ta a jikin taga ko a rana, ka sa ta a jakarta da ɗan soso mai laima a cikin leda da ka huhhuda, in ba haka ba wata safiya za ka tarar ta tsage.

Mu a wajenmu ba a kiran mai kiɗa maroƙi shi ya sa yaranmu ke koyo da wuri, amma mu ma mace in ta ce za ta buga ganga sai an kalle ta sau biyu, kowa dai da irin tasa.

injiniyan_gobe ya amsa:

Kai jama'a na gode ƙwarai. Yaya tsohon_samaru wallahi zancen shantun nan ya shige ni, don kakata ta wajen uwa tana da shi har da zane a jiki, muna yara in ta ɗauko muke zagaye ta, ban taɓa kawo wa raina abu ɗaya muke yi da ita ba.

'Yar uwa yar_wusasa yanzun nan na gwada kuka da kuka a baranda har wani ya leƙo yana tambaya lafiya. Gaskiyarki ne, baitin da na rubuta akwai inda na ce ina cikin wuya amma yadda nake rera shi wuyan jiki yake fitowa, shi ya sa nake jin wani iri. Kuma na duba tsirkiyoyin, a tsakiyar wuyan har biro yana shiga tsakaninsu da katakon, ashe ba ni kaɗai ke da laifi ba.

Malam ɗan_kongo na ji kuma na karɓa, jipi ɗina, wato makin jarabawata, dai har yanzu bai girgiza ba alhamdulillah, amma shawarar ajiya kafin jarabawa zan bi ta. Maganar Baba ce dai ban san ta inda zan fara ba.

mai_bit_na_palladan ya amsa:

Oga injiniya barka. Ni a poli nake amma a Palladan nake zaune, kuma matsalarka ta ɗaki ni waya ce ta raba ni da ita. Ka sauke manhajar ɗaukar sauti ta BandLab kyauta ce, kana iya ɗaukar jita a layi ɗaya, ka dawo ka ɗora murya a layi na biyu, ka ƙara tafi ko ka buga bokiti a na uku, kai kaɗai sai ka zama jagora ka zama 'yan amshin kanka. In kana da laftof akwai Audacity shi ma kyauta, FL Studio kuwa shi yawancin yaran situdiyo ke haɗa kiɗa da shi amma wannan rami ne, in ka faɗa sai ka kwana kana gyara sautin ganga ɗaya, abin da ɗan_kongo yake faɗa ke nan kuma bai yi ƙarya ba, ni ya taɓa ci min tes guda.

Abubuwan da na koya da wahala, ka yi amfani da iyafis mai waya ba bulutut ba, don bulutut yana jinkirta sauti kaɗan sai ka ji muryarka tana bin kiɗan a baya kamar mai bin bashi. Kar ka manna wayar a ramin jitar sautin zai yi gum, ka ajiye ta kamar taƙi ɗaya ko biyu daidai inda wuya ya haɗu da jiki. Ajin da ba kowa yana da amsa-kuwwa sosai, in murya za ka ɗauka gara ka lulluɓa da bargo ko ka buɗe wadrof ka fuskanci kayan sawa, abin dariya ne a ido amma sautin yana fita tsaf. Lokacin da ya fi kuma bayan asuba ne kafin masu janareta da 'yan acaɓa su tashi. Ka kunna abin ƙirga bugun nan mai ƙwas ƙwas a kunne, da farko zai ba ka haushi don zai tona maka asiri cewa kana gudu a amshi kana ja a baiti, kowa haka yake.

Gurmi kuma da ka ambata ni ina ganin ba sai ka zaɓi ɗaya ba. Gurmi ƙwarya ce da fata da sanda, tsirkiyoyinsa biyu ne ko uku, ba shi da ƙarafunan nan na wuya don haka yatsa yana zamewa yadda murya ke zamewa, shi ya sa Hausa ke kwanciya a kansa ba gardama. Kuma ba shi da ƙara, ba ya cin wuri, cikin jakar goyo ma zai shiga. Marigayi Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015 da kuntigi ya zaga duniya, tsirkiya ɗaya tak a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, mu kuma muna nan muna kukan ba mu da kayan aiki. In ka shiga cikin birni ko ƙauyukan wajen Giwa ranar kasuwa ka tambayi makaɗa za su nuna maka mai haɗawa, sai dai da damina fatar tana saki sai ka ɗan shanya ta ko ka kanga ta a wuta daga nesa kafin sautin ya dawo.

Abu ɗaya dai, abin da ka ɗauka kar ka yi saurin tura wa kowa a WhatsApp tunda kana ɓoye wa gida, abu in ya shiga waya biyu ya gama gari. Mu huɗu ne muke ɗan haɗuwa ranar Lahadi da yamma, ɗaya da kibod ƙarami mai batir ɗaya da jambe, ba mu da mai jita, in kana so ka yi min magana ta inbos. Ba kuɗi ba suna, lemo ma karo-karo muke yi.

tsohon_samaru ya sake amsawa:

Na dawo saboda maganar Baba. Ƙanina kar ka je masa da hujja, dattijo ba a cinsa da muhawara. Na san za a ce maka ka gaya masa ai jami'ar nan da kake ciki ita ta ba Mamman Shata digirin girmamawa na dakta a 1988, kuma shi ma Shatan mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Duka gaskiya ne, amma in ka faɗa wa Baba haka abin da zai ji shi ne ɗana yana so ya zama Shata, ka ga ka ɓata rawarka da tsalle.

Ni yadda na yi, ta wajen Inna na bi. Na je hutu da sakamakona a hannu na fara nuna mata, bayan kwana biyu muna hira a tsakar gida na ce mata akwai ɗan abin da nake taɓawa in karatu ya ishe ni, kamar yadda wasu ke buga ƙwallo. Ita ta san lokacin da ta gaya masa da yadda ta gaya masa. Bai taɓa ce min komai a kai ba har ya koma ga Allah, illa rana ɗaya da ya ga kalangun a jakata ya ce to kar dai in ji ka a gidan biki. Kuma ban taɓa zuwa ba, ko a bikin abokaina in aka ce in taɓa sai in ce hannuna na ciwo, don ranar da ka karɓi liƙi a bainar jama'a ranar ka shiga ɗaya layin, kuma ba laifi ba ne ga wanda sana'arsa ce amma kai ka ce ba ita kake nema ba.

Naira hamsin ɗin nan kuma ina fata ka mayar masa.

injiniyan_gobe ya amsa:

Yaya ai ban mayar ba, ƙosai na saya da ita a gabansa.

Jiya Asabar na fita wajen filin wasa da sassafe na yi kusan awa ɗaya ba wanda ya ko kalle ni sai wani dattijo mai shara da ya tsaya ya ce yaro wannan molon naka ba shi da daɗi, ka sassauta hannu. Na gwada abin da yar_wusasa ta ce, tsirkiya ɗaya da baiti biyu, karon farko da na ji Hausata ta fito kamar Hausa. Abin mamaki wanda ya liƙa min kuɗin shi ne da daddare yake tambayata wai in koya masa kod ɗin farko amma kar in gaya wa sauran.

mai_bit na turo maka saƙo ka duba. Sannan dan Allah wanda ya san daidai layin da masu gyaran jitar suke a Sabon Gari ya kwatanta min daga PZ, ranar Talata ba ni da lakca sai ƙarfe biyu.